Loma Uku a Ƙofar Gidan Kaso

"Buɗe mu gani, Baba," in ji gardin da ke zaune a bakin ƙofar gidan kaso, yana nuna ƙunshin da tsinin biro.

Baba Ilyasu ya kwance ɗaurin zanen ya ajiye kwano biyu a kan tebur. Ɗaya dambun zogale ne da ya sha man gyaɗa, ɗaya tuwon gero da miyar kuɓewa. Ƙamshi ya tashi har matan da ke layi a bayansa suka miƙo wuya.

"To, ɗanɗana."

"In yi mi?"

"Ka ɗanɗana. Loma guda a kowane kwano."

Dokar gidan ke nan. Duk wanda ya kawo wa ɗan kaso abinci, shi zai fara kaiwa baki a gaban gardi, don kada a shigo da abin da zai cuci mutum. Kowa a layin ya san haka. Baba Ilyasu ne kaɗai bai sani ba, domin ranar da aka yi bayani a majami'a yana waje yana yi wa samari faɗa a kan salula.

Ga shi kuwa yau Alhamis. Shekara ashirin da shida ke nan Baba Ilyasu yana azumin Alhamis, ko ruwa ba ya sha sai rana ta faɗi. Bai karya ba ranar auren ƴarsa, bai karya ba da zazzaɓi ya kwantar da shi. A cewarsa ba alfahari yake yi ba, yana dai tuna wa jama'a sau biyu a mako don su yi koyi.

"Ina azumi," ya ce.

Gardin, mai suna Idirisa, ya ɗaga kai ya ƙare wa tsagar da ke kumatun dattijon kallo, sai ya washe baki. Shi Bazabarme ne, ga Bagobirin Tibiri Allah ya kawo masa har tebur. Tsakanin waɗannan biyu kuwa wasa gado ne, babu mai fushi.

"Bagobiri da azumi? Ga tuwo a gabanka? Yau na ga abin mamaki."

"Kai yaro, ka iya bakinka. Na girmi ubanka."

"Ka girme shi, amma shi ubangidanka ne. Ɗanɗana, ko ka koma da kayanka."

Komawa da kayan ita ce ba ta yiwuwa. Majami'arsu ta Sabon Gari ta tsara cewa kowane ɗan'uwa mai bi da ke tsare a ba shi mutum guda mai ziyartarsa. An zuba sunaye a hula, Baba Ilyasu ya sa hannu ya zaro Ya'u, manomin albasa daga Jiratawa, wanda ya karya hannun maƙwabcinsa da ƙotar fartanya a kan wa zai fara ban ruwa. Wannan Ya'un, tun kafin haka, Baba Ilyasu ne ya miƙe a gaban ikilisiya ya hana shi jibin Ubangiji saboda yawan faɗa. Don haka ya zo da shiri: takarda cike da ayoyi gaba da baya, duk masu zafi.

Abincin ne bai shirya masa ba. Da sassafe Salima, matar Ya'u, ta sauka daga kabu-kabu a ƙofar gidansa da goyo a baya. Wata huɗu ba ta taka gidan kason ba, don da ta faɗa wa mijin ya bar rigimar ruwan nan, a gaban mutane ya ce ta rufe masa baki.

"Baba, ka ce masa ni na dafa," ta ce. "In ya karɓa, Alhamis mai zuwa ni zan je da kaina. In kwanon ya dawo a cike, na gane."

Mama Tahira, shugabar masu ziyarar, ta matso daga baya. "Malam Idirisa, bari ni in ɗanɗana masa."

"A'a, Mama. Sunan wa ke kan takardar izini? Nasa. Bakinsa nake so."

"To, Baba Ilyasu," ta ce, tana danne dariya, "kai da ka ce mana aikin nan na masu sadaukarwa ne."

"Ban ce a sadaukar da Alhamis ɗina ba."

"Ka bari sai magariba mana," in ji wata tsohuwa a layi.

"Sha biyu muke rufewa," Idirisa ya ce, ya juyo da agogon hannunsa. Saura minti ashirin da biyar.

Baba Ilyasu ya tsaya. Ya dubi kwanonin, ya dubi ƙofar ƙarfen. Ya yi tunanin ya ce da Salima gardi ne ya hana, amma wace mace ce za ta yarda da wannan bayan wata huɗu? Za ta ce dattijo ne ke rufa wa mijinta asiri. Ya yi tsaki mai tsawo, ya naɗe hannun riga, ya gutsuri tuwo kamar ƙwayar gyaɗa.

"Wannan kaza ma ba za ta kula shi ba. Loma na ce."

Ya yanko ta kirki, ya dangwala a miya, ya rufe ido ya haɗiye. Sannan ya dunƙula dambun ya kai baki.

"Af," in ji Idirisa, "ina rubutu, ban ga na dambun ba. Sake."

"Allah ya shirye ka, ɗan Zabarmawa."

"Amin. Sake dai."

Ya sake. Kuma gaskiya a faɗe ta, wannan ta ukun ta fi ta biyun girma, don yarinyar ta iya dambu.

Aka shigar da shi rumfar ziyara. Ba a daɗe ba aka fito da Ya'u. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Yana ganin wanda ya zo masa sai ya durƙusa.

"Baba, kai da kanka?"

"Hula ce ta zaɓe ni. Tashi zauna. Ga wannan, Salima ce ta dafa."

Ya'u ya ɗora tafin hannu a kan marfin kwanon, bai buɗe ba.

"Ita da hannunta?"

"Na ce maka ita. Ci mana, tun da zafinsa."

"Na karɓa, Baba, ka faɗa mata na karɓa. Amma sai rana ta faɗi. Yau Alhamis." Ya ɗan yi murmushin kunya. "Tun da na shigo nan nake yi. Na ce mutumin da ya iya riƙe cikinsa shekara ashirin da shida, in na bi sawunsa ko ni ma zan iya riƙe hannuna. Mu huɗu ne yanzu a ɗakinmu. Azumin Baba Ilyasu muke ce masa."

Baba Ilyasu ya sa bayan hannu ya goge leɓe.

"Daidai wannan lokaci ya fi ba ni wuya," Ya'u ya ci gaba. "Kai yaya kake yi, Baba? Ga ƙamshin nan, ka ɗauko shi tun daga Sabon Gari."

Dattijon ya yi gyaran murya. Ya duba hagu, Mama Tahira na kan bencin kusa, ta kasa kunne ba ta ko ɓoyewa.

"Na karya," ya ce.

"Na'am?"

"Kunnenka ƙalau. Na karya, a bakin ƙofa. Loma uku."

Ya'u ya dubi kwanon, sai yanzu ya tuna da dokar. "Saboda ni, Baba?"

"Saboda wani Bazabarme marar kunya. Kada ka ɗauki kanka da girma."

Gardin ciki ya buga ƙarfe, saura minti biyar. Ya'u ya gyara zama ya sunkuyar da kai, irin na mai jiran faɗa.

"To, Baba, ina saurare. Na san ba ka zo hannu wofi ba."

Baba Ilyasu ya kai hannu aljihun da takardar ayoyin take, ya tsaya, ya fito da shi babu komai. Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

"Lokaci ya ƙure. Yi mana addu'a."

"Ni, Baba? A gabanka?"

"To wa? Cikinmu biyu kai ne mai azumi."