Yarinyar da Baba Mai Zane Bai Yi wa Fuska ba

Ina sa ƙafa a gidan makokin, sai jirgin takarda ya faɗo gabana. Na sunkuya na ɗauka, sai ga zanen rigar yarinyar, ja mai ɗigon fari, a ninke a fiffikensa.

Jiya aka binne maƙwabcinmu, Baba Mai Zane. Gidan cike yake da masu ta'aziyya, jikokinsa kuwa suna bayan tankin ruwa da tarin takardunsa, suna ninkewa suna cillawa.

"Wa ya ba ku?"

"Abbanmu. Ya ce mu daina ihu."

Littafin yara Baba yake yi a kan yayarsa, mace ta farko a garinsu da ta tuƙa jirgin sama. Ƙuruciyarta yake so yara su gani: ranar da ta ɗaura fukafukan kwali ta diro daga katanga ta karya haƙori, da yadda take bin shirwa da ido har girki ya ƙone. Shi yana zane, ni ina rubuta abin da yake faɗa, tunda na gama jami'a ina zaune. A unguwar nan ni kaɗai ke shiga ɗakinsa ba don aron caja ba.

Fuska a ƙarshe yake yi. Kowane shafi ya gama shi tsaf, har inuwar katanga, amma wurin fuskar sai ya bar shi fari. "In na fara da ido, kallona za ta yi ta yi, in kasa aiki," in ji shi. Babu hotonta na yarinta ko ɗaya, a kansa kaɗai fuskar take. Da hannunsa ya fara rawa, kullum sai ya ɗaga buroshi, ya dubi yatsunsa, ya ajiye. "Gobe, 'yata."

Ni da ko gaisuwa da kai a ƙasa nake yi, sai ga ni na ratsa cikin maza har gaban babban ɗansa.

"Yaya, aikin Baba ne yara suke lalatawa."

"Waɗancan? Ɓatattu ne, ko fuska babu. Na nemi masu kyaun ban gani ba."

"Su ne masu kyaun."

"Haba 'yar jami'a. Mutum ba ido ba baki?"

"Gwaggonka ce."

"Wace gwaggo?"

Nan raina ya gama ɓaci. Bango ɗaya ne tsakanin ɗakinsa da na tsohon.

"Wadda ta tuƙa jirgi! Sau nawa ya kira ka ka zo ka gani, ka ce kana waya? Abinci ma daga bakin ƙofa ake tura masa. Yau kuna ta cewa mutumin kirki ne, a cikinku wa ya san abin da yake yi?"

Ban tsaya ba sai da na kai aya. Wani dattijo ya ce, "Ikon Allah, ashe yarinyar nan tana magana."

Yaya ya dubi baƙinsa, ya rage murya. "Yau ce ranar wannan? Kwashe ki tafi da su. Dama ɗakin muke so a share."

Na bi tsakar gida ina tsinta. Ɗaya daga ƙarƙashin kujera, ɗaya a hannun wata 'yar ƙarama da sai da na lallashe ta. Biyu suna kan rufi, ba tsani. Wanda ya faɗa kwata ko taɓa shi ban yi ba, launin ya riga ya bi ruwa.

A gida na jona dutsen guga, na rage wuta, na shimfiɗa tsohon ɗankwali a kan shafin farko. Mama ta tsaya a kaina da tsintsiya a hannu.

Na ɗaga ɗankwalin. Takardar ta kwanta, da ɗuminta. Yarinyar tana kan katanga, ta buɗe hannuwa, layin ninkin ya ratsa ta tsakiyar farin wurin nan.