Farantin Urushalima

Masa ta ƙarshe na fitowa daga tanda, Lai'atu ta shiga neman abin da za ta zuba. Robobin tapau, na abincin da ake sayowa a waje, sun cika kicin ɗin, amma wace mace mai hankali ce za ta kai wa maƙwabciya abinci ranar Sallah a robar da aka sayo shinkafa? Ta leƙa falo, idonta ya sauka kan faranti mai shuɗin zane da ke jingine a saman kantar kayan ado. Ta sauke shi, ta ɗauraye, ta jera masa har baki, ta ɗora kwanon miyar taushe a tsakiya. Ta ɗaura takunkumi ta fita tana jin daɗin kanta.

Taku huɗu ne tsakanin ƙofarta da ta Hanan, a hawa na tara na wani dogon bene a unguwar Cheras, can ƙasar waje inda suke zama. Dokar kullen korona ta hana shiga gidan kowa, don haka ta ajiye farantin a bakin ƙofa, ta ƙwanƙwasa, ta ja da baya. Hanan ta buɗe, waya a hannu, idanunta sun yi ja. Bafalasɗiniya ce mai karatun digiri na uku. Kwana uku ke nan ana ruwan bama-bamai a Gaza, inda yayarta Bashira ke aure da 'ya'ya uku, kuma tun jiya wayar Bashira ba ta shiga.

"Barka da Sallah," in ji Lai'atu da Turanci, yaren da ya haɗa su. "Na san ba ki ɗora tukunya ba. Ki ci ko guda biyu ne."

Hanan ta dafa ƙirji ta yi godiya. "Ƙarfe huɗu, ko?"

"Ƙarfe huɗu. Zan turo miki ta inda za ki shiga."

Wannan ƙarfe huɗun shi ne abin da Lai'atu ta yi kwana uku tana fafutuka a kai. Ita ce sakatariyar Zumuntar Mata ta 'yan Najeriya a cocinsu, mata goma sha ɗaya daga Filato da kudancin Kaduna, waɗanda korona ta mayar da taronsu kan Zoom duk Alhamis. Tun da faɗan ya ɓarke, dandalinsu na WhatsApp ya cika da tutar Isra'ila da saƙonnin a yi wa Isra'ila addu'a. Lai'atu ba ta ƙi ba. Ita ma ta je ziyara Urushalima shekara takwas da suka wuce, kuma har yau ba ta rubuta sunanta ba tare da JP a baya ba, yadda wata ba ta yarda a kira ta babu Hajiya. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne ba ta ga wadda ta ambaci yaran ɗaya ɓangaren ba. Ita kuwa a Jos ta girma. Ta san yadda uwa ke ruƙunƙume ɗanta a ƙarƙashin gado, kuma ta san a rikicin da ya ci gidan mahaifinta, wani mahauci Musulmi ne ya ɓoye su kwana biyu a shagonsa.

Sai ta nemi a yi wa ɓangarorin biyu addu'a, kuma a ba maƙwabciyarta dama ta yi magana. Mama Noah, shugabar zumunta, ta ja da baya, ta ce ita ba ta son a kawo mata siyasa cikin sujada. Da ƙyar da lallashi ta ce, "Minti biyar, Sista Lai'atu. Ina duba agogo." Hanan ma sai da aka sha fama kafin ta yarda, domin ba ta ga abin da zai sa ta yi wa mutanen da suka riga suka zaɓi ɓangare kuka ba.

Lai'atu ta dawo tana 'yar waƙarta. Ernest, mijinta, ya fito daga ɗaki da takardun ɗalibansa, ya ɗauki masa ɗaya ya kai baki, sannan ya tsaya yana kallon saman kantar kayan ado.

"Maman Shekinah, ina farantin Urushalima?"

"Na kai wa Hanan masa a ciki. Shi ne mai kyau a gidan nan."

Ernest ya daina tauna. "Wanda ke da tauraron Dauda a tsakiya? Da rubutun Ibraniyanci zagaye da bakinsa?"

Lai'atu ta dafe kai. Shekara takwas farantin nan yana kallonta tana kallonsa, har ta daina ganin abin da ke jikinsa. A wurinta tsarabar ziyara ce kawai, irin wadda kowace JP ke jinginewa a falo don baƙo ya tambaya. Ta zauna a hannun kujera.

"Wayyo ni! Masa ta rufe shi, ban gani ba."

"Ai shi ne matsalar," in ji Ernest. "Tana ci yana fitowa. In ta kai ta biyar, za ta ga star ɗin complete."

"Kai kam ba ka da taimako."

"To je ki karɓo mana. Ki ce kin manta ba ki sa yaji ba."

"In karɓo abincin da na bayar? Ranar Sallah? A gidanmu ba a taɓa yi ba."

Ta ɗauki waya ta rubuta saƙo, ta goge. Ta sake rubutawa, ta ga ya fi na farko muni. Me za ta ce? Kar ki kalli ƙasan masa? Kunya ta rufe ta, da tsoron kada Hanan ta ɗauka da gangan aka yi, a ranar da ba ta san ko yayarta na da rai ba. In haka ta faru, ba minti biyar ɗin kaɗai za a rasa ba, har gaisuwar bakin lif ta ƙare. Ta yi shara a inda ta riga ta share. Sau uku tana manna ido a 'yar hudar ƙofa, ƙofar Hanan na nan a rufe.

Sha biyu ta wuce, ɗaya ta wuce. Wajen ƙarfe biyu wani ƙanshin man shanu ya fara shigowa ta ƙasan ƙofa, Ernest ya ce alama ce mai kyau, ita kuwa ta ce masa mai fushi ma yana girki. Uku da rabi aka ƙwanƙwasa.

Farantin ne a ƙasa, cike da wasu 'yan dunƙule-dunƙule masu dabino a ciki, da ɗuminsu. An jera su zagaye, an bar tsakiya a buɗe, tauraron na nan ƙuru-ƙuru. Hanan na tsaye a bakin ƙofarta.

"A garinmu ba a mayar da faranti babu komai," ta ce.

"Mu ma haka. Hanan, ki yi haƙuri, wallahi ban lura ba. Tsarabar ziyara ce, ni dai na ga yana da kyau ne..."

"Na sani. Da na fara ganinsa raina ya ɓaci, ba zan ɓoye miki ba. Sai na juya bayansa." Ta dubi farantin. "A ina kika saya?"

"A wani lungu cikin tsohon birni. Dukanmu muka saya."

"Aikin Khalil ne, garinmu, wanda ku kuke kira Hebron. Dubi ganyen nan na gefe, da irin shuɗin. Babana shekara talatin yana wannan zanen. Masu ziyara irinku tauraro suke so, sai ya zana tauraro. Wasu gicciye, wasu masallaci. Ba ya karanta Ibraniyanci, amma ya iya rubuta shi fiye da masu shi. Ban ce shi ya yi wannan ba, gidajen aikin da yawa. Amma da irinsa aka biya mana makaranta, ni da Bashira."

Lai'atu ta ce, "Bashira fa?"

Sai a lokacin idanun Hanan suka yi murmushi a saman takunkumi. "Ta turo saƙo da sha ɗaya. Suna makarantar da aka tara mutane, dukansu. Shi ya sa na iya kunna murhu." Ta nuna farantin. "Ki juye, ki ara mini shi zuwa ƙarfe biyar."

Ƙarfe huɗu fuskoki goma sha ɗaya suka jeru a kwamfutar Lai'atu, kowacce da ɗankwalin zumunta. Aka yi waƙa biyu, kowa da nasa saurin saboda intanet. Mama Noah ta gyara tabarau ta ce an ba baƙuwa minti biyar.

Lai'atu na jin muryar Hanan sau biyu, ta bango da ta kwamfuta. Hanan ba ta yi maganar wanda ya fara faɗan ba. Ta ɗaga farantin ta ba da labarin mahaifinta, yadda yake lasar bakin burushi kafin ya ja layi, da yadda wani Bayahude mai shago ya yi shekaru yana sayen kayansa yana aiko wa yara alewa. Ta faɗi yadda 'ya'yan Bashira ke kwana da takalma a ƙafa. Ta ce ta san a ɗaya ɓangaren ma akwai uwa mai gudu da goyo in jiniya ta yi kuka, kuma ba ta yi wa kowace uwa fatan haka.

Ana cikin haka Mama Noah ta tashi daga gaban kyamara, aka bar kujera da labule. Lai'atu ta ce a ranta shi ke nan, an ɓata. Minti biyar ta cika, ta wuce, babu mai duba agogo.

Sai ga Mama Noah ta dawo riƙe da faranti mai shuɗin zane, tana goge masa ƙura da gefen zaninta. Ta juya bayansa ta ƙura ido, ta sake juyowa. Wata ma ta miƙe, sai wata. Kafin a jima faranti biyar ne a gaban kyamara, kowace mai shi tana duba ganyen gefe.

Mama Noah ta ajiye nata, ta jawo littafin da take rubuta sunayen masu neman addu'a. Ta yi gyaran murya, ta koma Hausa, yadda take yi in abu ya taɓa ta.

"Sista Lai'atu, ki tambaye ta sunan yayar tata. Da yaran, ɗaya bayan ɗaya. Ta faɗa a hankali, ina rubutawa."

Da aka tashi, Hanan ta ajiye farantin a bakin ƙofa, ta ƙwanƙwasa. Lai'atu ta ɗauko ta wanke. Ernest ya miƙa hannu zai mayar da shi saman kanta.

"Bar shi nan," ta ce, ta saka shi cikin kwanukan cin abinci. "Gobe zan yi mata gwate."