Man Giyan Akwala

Shekara talatin Baba yana jan motar nan, har agogon lissafin tafiyarta ya gaji ya tsaya. Matarsa Inna ba ta taɓa kiranta mota ba, sai dai akwala. "Malam, akwalarka ta sake yi mini fitsari a ƙofar gida!"

Gaskiya ne, tana ɗigar da man giya. Shi ya sa duk ranar Asabar yake ƙara mata kofi guda, suna zaman lafiya. Sai ga shi wata biyu ke nan ta ɓullo da sabon hali: ya taka totur, inji ya yi ta gurnani, ita kuwa ta ƙi gaba.

Bakanike ko leƙawa bai yi ba ya ce giya ta mutu, kuma an daina yin irinta. Babban ɗansu ya ce, "Baba, don Allah ka haƙura. Gobe masu sayen tsohon ƙarfe za su zo su ɗauke ta."

Ran Baba ya ɓaci ƙwarai. A yanka ta a kan sikeli kamar tsohuwar tukunya? Ina!

Da hantsi ya tayar da ita, ya bari ta yi zafi, ya ɗaga bonet. Ya zaro sandar awon man giya, wadda ya daɗe bai duba ba tun da ya san kofinsa. Ya shinshina, babu ƙauri. Ya murza a yatsa, babu garin ƙarfe. To me ya mutu? Ya goge, ya mayar, ya sake zarowa. Kai! Mai ya wuce alama da kusan ɗan yatsa, ga kumfa kamar an kaɗa sabulu. Giya kuwa ba ta kama aiki da kumfa.

Ya ɗauko galan ɗinsa a bayan ƙofa, ya ji shi sakayau.

"Wa yake taɓa mini mai?"

Inna ta ajiye tsintsiya, ta kau da kai. "Ni ce. In ka tafi masallaci nake zuba mata rabin kofi. Na ga tana zubarwa kullum, kai kuma sai Asabar."

"Ke? Ke da ba ki da aiki sai zaginta?"

"Yo ba dole ba? In aka tafi da ita, kan tabarma za ka ƙare, na sani sarai."

Baba ya fashe da dariya har da hawaye. Ya kashe inji, ya shimfiɗa buhu, ya shige ƙarƙashin mota da sifana. Inna ta tura masa daron wankinta, ya kwance noti ya rage man, yana fitowa yana aunawa har ya dawo daidai alama.

Washegari ɗan ya iso da masu sayen ƙarfe da igiyarsu. Suka tarar da wuri wayam, sai ɗigon mai a ƙasa. Can suka ji hon daga saman hawan da ta yi wata biyu ba ta iya hawa ba. Ga akwala tana gangarowa, Baba ya fito da gwiwar hannu ta taga, Inna a kujerar gaba ta gyara mayafi.

Ya tsaya a gabansu bai kashe ba. Kafin ya buɗe baki Inna ta leƙo.

"Ku matsa mana, kun tare wa motarmu hanya."