Ruwan Sama a Watan Maris

Ni ban yi boko ba, ko harafi ɗaya ban iya karantawa, amma kunnena ba a raina shi. Shekara talatin ina sayar da ƙosai a unguwar Jambutu a nan Garwa, daga sallamar mutum nake gane ko da gaskiya ya zo.

Ɗana Ridwan yana cikin masu hawa dogayen ƙarafunan nan na waya suna ɗaura na'ura. An tura su aiki garin Poli. Kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ya kira ni. Sai Juma'a ta zo shiru, ta biyu ma shiru. Na tambayi yayarsa Zulfa.

"Dada, rezo ɗin Poli ne ya lalace, wato sabis ɗin waya," in ji ta. "Kira ba ya shiga, sai saƙon murya."

Na ce ikon Allah, mai gyaran rezo ne ba shi da rezo? Ta yi dariya, amma dariyar ba ta kai zuci ba. Ta karɓi wayata ta latsa, sai ga muryar Ridwan yana gaishe ni, yana cewa in rage gishiri saboda hawan jini. Na ji sanyi a raina, ban ɓoye ba.

Juma'a ta uku wani saƙon ya zo. Na kai wayar kunne na saurara sau huɗu. A bayan muryarsa ruwan sama ne ke dukan kwano, har da kwaɗi. A watan Maris! Mu nan Garwa zafi ya hana ko kaza fitowa, rijiyoyi sun ja baya, wai Poli ce ta samu damina ita kaɗai.

Da Zulfa ta fita kasuwa na yafa mayafi na shiga gidan maƙwabciyata Brigitte, malamar firamare.

"Madam, dubi wayar nan ki faɗa mini gaskiya. Daga ina muryar nan ta fito?"

Ta gyara tabarau ta duba, ta daɗe tana dubawa.

"Hajja, wannan lambar Zulfa ce. Kin ga 'yar kibiyar nan a sama? Tana nufin tsohon saƙo ne aka turo miki. Ba daga wayar Ridwan ya zo ba."

Nan na tuna. Bara da damina, kafin a saya mini waya, ta wayar Zulfa yake aiko mini da gaisuwa. Ashe tsofaffin ake ɗumama mini kamar tuwon jiya.

Zulfa ta dawo ta same ni zaune a bakin ƙofa. Ban bar ta ta ajiye kwandon ba.

"Ɗana yana da rai?"

"Dada, wace irin magana..."

"Ban tambaye ki rezo ba. Yana da rai ko ba shi da rai?"

Kwandon ya suɓuce, tumatir ya watse a tsakar gida. Ta durƙusa tana kuka. Ya faɗo daga ƙarfen, in ji ta, haƙarƙari biyu sun karye, muƙamuƙi ya tsage, likitoci sun ɗaure bakin da wayar ƙarfe, ba ya iya magana. An kawo shi asibiti a nan Garwa.

A nan Garwa. Kwana ashirin ɗana na kwance a garin da nake, tafiyar minti goma a mashin, ni kuwa ina soya ƙosai ina raha da mutane. Ban taɓa jin haushi irin na ranar ba, kuma ban san wa zan zuba wa shi ba.

"Shi ya hana," in ji Zulfa. "Kullum sai ya rubuta a takarda, kada a faɗa wa Dada, jininta zai hau."

"Tashi ki tare mana mai mashin."

Mun same shi a gado na ƙarshe kusa da taga, ya rame har na kusa wuce shi. Da ya gan ni sai ya juya fuska bango, kafaɗunsa na rawa. Duk faɗan da na shirya a hanya ya tsere mini. Na zauna a bakin gadon, na ce wa Zulfa ta koma gida ta kawo mini tabarmata da butata, don ba inda za ni.