Ruwan Tsakiya

Shekara arba'in da biyu ina tuƙa jirgi daga Garu zuwa tsallaken gulbi. Lakwal, makarantar boko, wata uku na yi, na gudo.

Jikata Na'ima tana karatun lissahi a jami'a, can Parakou. Ita da abokan karatunta 'yan Malanville sun ƙago wani zama lokacin hutu. Kowace Asabar da hantsi ɗaya ya tashi gaban allo ya yi bayani, sauran su yi mishi tambaya. Babu malami cikinsu. Latifu, ɗan wani dillalin albasa, shi ke raba ranaku. Wanda bayaninshi ya rushe, ba ya sake ganin allo sai baɗi.

Da ranarta ta zo ta ce, "Tsoho, zo ka ji matarka. A kan jirginka za ni magana."

Na ce, "Matar da ta bar ni ta auri littahi?"

Amma na sa rigar Juma'a, na hau kabu-kabu.

Su wajen talatin ne cikin wani aji da sunka ara. Na zamna baya. Ta zana gulbi da jirgi, tana yi da Faransanci, tana juyawa Hausa sabili da ni. Ta ce in ka san gudun ruwa da ƙarhin hannunka, sai ka karkata goshin jirgi sau guda tun daga gaɓa, ka riƙe hakanan, ka sauka inda ka nuhwa. Sunka tahwa mata.

Ba haka ba ne. Ruwan gaɓa rago ne, na tsakiya ke gudu. Ƙanena Sumaila ya riƙe goshi guda shekarar babbar ambaliya. Bayan kwana uku munka samu gawarshi ƙasa da Madekali.

Na san in na buɗe baki na kada ta gaban tsaranta. Amma na ga wasu na kwahe zanen cikin littahinsu. Na tashi.

"Na'ima, gulbin ga naki ba shi da tsakiya?"

Na hwaɗi abin da na sani, na zamna.

Latifu ya ce, "Baba, ai misali ne, an sauƙaƙa..."

"Bari, Latifu," in ji ta. Ta juya ga allo. Sannan ta ɗauki tsumma ta goge aikin sati uku. "Na ba ruwan duka gudu guda. Kuskure ne. Ban da amsa yau."

Latifu ya ja layi bisa sunanta.

Kwana biyu gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Ranar Talata da sahe na iske ta bakin gulbi da agogo, da igiya, da gorunan roba goma da za ta saki bisa ruwa ta auna gudunshi.

"Kaka, kai ni tsakiya."

Na kwance jirgi.