Faɗin Babban Yatsa

Mai shagon ta juya cikin wandon waje, ta shimfiɗa shi a kan tebur, ta ɗora tef ɗinta a kan ɗinkin ƙugu. Tela yana tsaye, hannuwansa a baya, kamar ɗalibin da aka kira ofis.

Ta ce takardar aiki santimita ɗaya ta ce a bari a cikin ɗinki, shi kuwa ya bar biyu da rabi. Wannan ne karo na biyu a makon gwajinsa. Idan aka yi na uku kafin Juma'a, ba sai ya dawo ba.

Ya so ya gaya mata cewa shi inci ɗaya ya sani, shekara talatin yana barinsa a ɓoye, domin jikin mutum ba katako ba ne, yau ya rame gobe ya cika. Amma shi baƙo ne a ƙasar, bai san sunan wannan rarar da harshensu ba. Ko alli da ƙugiya, sai ya nuna da yatsa ake miƙo masa. Ya gyaɗa kai kawai.

Da ya koma gida ya jefar da tsohon tef ɗinsa a kan tabarma. 'Yarsa, wadda ta rubuta masa lissafin inci da santimita a bayan kwali, ta ce, "Baba, ka bi takardarsu kawai mana."

"Teloli goma sha ɗaya na yaye da hannun nan," ya ce. "Yau ni ake koya wa awo, da santimita, wani abu mai ƙanƙanta kamar haƙoran ɓera."

Matarsa ta ce ai ita ma ranar da ta tambayi rabin mudu a kanti, kallon da aka yi mata sai ka ce raƙumi ta nema. Bai yi dariya ba. Ta bari ya gama cin abinci, sannan ta tuna masa a hankali cewa takardar izinin zamansu a ƙasar a jikin aikin nan take rataye.

Ranar Laraba ya yanka komai daidai da takarda, almakashi yana ƙara fiye da kullum. Bai kalli kowa ba.

Ranar Alhamis mai wandon farko, wanda aka fara yi wa Tela faɗa a kansa, ya dawo yana huci: maɓalli ya ƙi haɗuwa. Mai shagon ta duba wurin ajiyar kaya, babu sauran irin yadin. Tela ya karɓi wandon, ya sa reza ya farke ɗinkin, ya saki abin da ya ɓoye, ya sake bi da keke. Mutumin ya gwada, ya zauna, ya tashi, ya tafi abinsa.

Mai shagon ta auna tsohon layin zaren, ta ce biyu da rabi.

"Inci ɗaya," in ji Tela.

Ranar Juma'a ta ce ya dawo Litinin. Ta miƙa masa sabon tef, santimita gaba da baya, ta karɓi tsohon ta sa a aljihun tebur, ta ƙara da cewa dokar takarda tana nan yadda take.

Litinin da safe ya rataya sabon tef ɗin a wuya, ya auna, ya ja layi da alli daidai yadda aka rubuta. Sannan ya kwantar da babban yatsansa, mai faɗin inci ɗaya, a gefen layin, ya sa almakashi ta bayansa.