Izinin Safiyanu

Kwamfutar da ke gidan Malam Jibrin a Aliero babban ɗansa Safiyanu ne ya sayo ta, tun lokacin da ake zaman lafiya tsakaninsu. Shi ya haɗa ta a kan teburin ɗakin baƙi. Ya buɗe wa kansa suna a ciki a matsayin admin, wato mai ikon komai, sannan ya buɗe wani ƙaramin suna mai taken "Gida" don ƙannensa su riƙa rubutu da kallon hotuna. Ba wanda ya damu da wannan tsari. Shi ne babba, kuma shi ya saya.

Malam Jibrin manomin albasa ne, kuma bayan la'asar yakan karantar da magidanta fiƙihu a zaurensa. Ya gaji littattafan rubutun hannu daga mahaifinsa, gefen kowane shafi cike da ƙananan bayanai na ajami da tsohon ya yi da alƙalaminsa. Wata shekara da rani Safiyanu ya zauna ya ɗauki hotonsu shafi-shafi, ya zuba a kwamfutar a ƙarƙashin sunansa. Da daminar da ta biyo baya rufin ɗakin littattafan ya rufta, ruwa ya shiga akwatin da suke ciki, tawada ta narke ta zama tabo. Ranar Malam ya yi wa Safiyanu addu'a mai tsawo, domin ba don hotunan nan ba da rubutun mahaifinsa ya tafi.

Saɓanin ya faru ne a kasuwar albasa. Safiyanu ya shiga fatauci, yana loda buhuna zuwa kudu. Wata ranar kasuwa Malam ya zo wucewa ya tarar da shi yana ciniki da wani baƙo. Ya dafa buhu ɗaya, ya ji ƙasansa ya yi laushi, ya ji wari. Bai ja ɗansa gefe ba. Ya sa aka kwance bakin buhun aka zazzage shi a ƙasa, ruɓaɓɓiyar da aka ɓoye a ƙarƙashin mai kyau ta bazu a gaban dillalai da 'yan dako. Ya ce wa baƙon, "Wanga ɗana ne. Kada ka saya." Safiyanu yana da mata da 'ya'ya a lokacin. Kafin wata ya ƙare ya kwashe iyalinsa ya koma Maiyama, bai sake taka gidan ba.

Bayan shekara biyu idon Malam ya fara mutuwa. Likitan ido a Birnin Kebbi ya ce abin da ya tafi ba zai dawo ba, ragowar ma a hankali zai riƙa tsukewa. Takarda ta daina karantuwa gare shi. Amma Bushira, 'yarsa da ke koyarwa a wata firamare a garin, ta lura cewa idan ta buɗe rubutu a kwamfuta ta ƙara masa girma, hasken allon yana taimakonsa, yana iya bin layi da yatsa.

"To ki buɗo min littahin gado na Baba," in ji shi. "Akwai wata mas'ala da yab bayyana a gehe. Ina son in sake ganin hannunai tun ina iyawa."

Bushira ta shiga ta sunan "Gida", ta nemo inda hotunan suke, ta danna. Wani ɗan akwati ya fito a tsakiyar allon da Turanci, yana cewa ba ta da izinin shiga nan, sai ta sa kalmar sirrin admin. Ga sunan Safiyanu a rubuce, ga fili fari a ƙarƙashinsa yana jira. Ta gwada sunan matarsa, ta gwada na 'ya'yansa, ta gwada lambar wayarsa. Kowane lokaci amsar ɗaya ce.

"Mi tac ce?" Malam ya tambaya, kansa a karkace don ya kamo allon da gefen idon da ya rage.

"Wai sai da izinin Yaya."

Ya lalubi sandarsa ya fita zaure.

Ta kira Safiyanu a waya, ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Ta tura saƙo ta bayyana masa halin idon Baba. Ta ga alamar ya karanta, amma shiru.

Ranar Asabar ta naɗe kwamfutar a zane ta hau mota zuwa Jega, wurin wani mai gyara da ake kira Sa'idu. Shagonsa ƙarami ne, cike da matattun na'urori an jibga su har rufi. Ya kunna, ya yi 'yan danne-danne, ya cire tabaransa ya goge.

"Malama, cire kalmar sirri ba wuya ba ne. Yanzu in kin so sai in goge tashi in sa miki taki, ki zama ke ce admin."

"To a yi mana."

"Tsaya ki gani." Ya juyo mata da allon. "Kin ga alamar kwaɗon ga a jikin akwatin hotunan? Bayan ƙohwar da yar ruhe, ya kuma sa wa kayan ciki nasu kwaɗo, kuma makullin shina ɗaure da kalmar tashi. In na ɓalle ta da ƙarhi, za ki shiga ɗakin, za ki ga sunayen hotunan jere, amma ko ɗaya ba ya buɗuwa. Ko na ciro ma'ajiyar na jona ma wata kwamfuta, hakanan ne."

"Ba wata hanya?"

"Mai ita na raye?"

"Shina raye. Maiyama yake."

"To ai da sauƙi. Ya hwaɗa miki kalmar, ko ya zo ya sa da hannunai. Minti nawa ne."

Bushira ta yi dariyar da ba ta da daɗi, ta naɗe kayanta. Maimakon ta koma Aliero, sai ta tsallaka tashar Maiyama.

Ta same shi a ƙofar rumbun da yake ajiye kaya, yana zaune a kan benci yana sa ido ana ɗinke buhunan gero. Ya yi ƙiba, gemunsa ya fara furfura kamar na Malam. Ya amsa gaisuwarta, ya tambayi Inna, ya tambayi yara. Bai tambayi Baba ba. Ya dubi ƙunshin da ke hannunta ya gane ko mene ne.

"Yaya, idon Baba na tahiya. Likita ya ce ba ya dawowa. Littahin Kaka kawai yake son gani."

"Na ga saƙonki."

"To ka sa min kalmar. Ga ta nan na kawo har inda kake. Ba sai ka hwaɗa min ba ma, ni in juya baya ka danna."

"Shi yat turo ki?"

"Bai san na zo ba."

"To kin ji." Ya juya ga masu ɗinki ya daka musu tsawa kan wani buhu da bai cika ba, sannan ya dawo gare ta. "Bushira, kin san har yau in na shiga kasuwar Aliero abin da yara ke kira na? Kin san dillalan da munka yi shekaru tare sun bar ba ni kaya? Na yi laihi, ban ce ban yi ba. Amma da ɗaki a gidanmu. Da zaure. Ya kira ni can ya mare ni in ya so. Sai ya tara min duniya."

"An yi shekara biyu, Yaya."

"A wurinku an yi. Ya ɗauki waya ya kira ni da bakinai, ya ce Safiyanu ina son kaza. Ba haƙuri nac ce ya ba ni ba. Ya kira ni kurum."

"Ka san Baba ba ya yi."

"Ni ma ɗanai ne."

Ta durƙusa a gaban masu ɗinkin buhu, abin da ba ta taɓa yi wa kowa ba ban da iyayenta. Ya kawar da kai, ya ce ta shiga gida Mufida ta ba ta abinci kafin ta kama hanya. Mufida, matarsa, ta zuba mata tuwo, ta zauna kusa da ita tana kallon ƙasa. Bushira ba ta iya ci ba.

Da ta dawo gida ta faɗa wa Malam gaskiya, har da sharaɗin. Ta riga ta danno lambar a wayarta, ta miƙa masa. Bai karɓa ba.

"In roƙi ɗana izinin ganin rubutun ubana?"

"Baba, kira ne kawai."

"Da na bar baƙon nan ya sayi ruɓa, mi zan ce ma waɗanda nike karantarwa babin ciniki? Ki mai da wayarki."

Inna ta yi magana, bai saurare ta ba. Liman ya je Maiyama da kansa, ya dawo da amsa irin ta Bushira. Kowannensu yana zaune a garinsa yana jiran ɗayan, tafiyar da ba ta kai a gaji ba a tsakaninsu.

Bushira ta ci gaba da gwada kalmomi. Duk ranar da ta dawo daga makaranta sai ta zauna gaban allon ta sa abin da ya faɗo mata: sunan gonarsu ta Jandutsi, sunan babur ɗinsa na farko, laƙabin da ake kiransa da shi suna yara. Har ta tsani ɗan akwatin nan da ladabin Turancinsa. Wani lokaci Malam yakan tsaya a bakin ƙofa, ya ji ƙarar madannai, ya wuce bai tambaya ba. Aka dasa albasa, aka yi ban ruwa, aka cire. A tsakanin nan ya daina gane fuska sai murya. Daga baya ya daina gane ko an kunna fitila.

Ana cikin azumi, da hantsi, wayar Bushira ta yi ƙara. Mufida ce, tana magana ƙasa-ƙasa.

"Ki samo abin rubutu. Na ga abin da yake dannawa a laftof ɗin shago, ina jin ita ce yake sa wa komai. Don Allah kada ki ce ni ce."

Wasu haruffa ne da lambobi da ba su da wata ma'ana, irin waɗanda ko shekara goma Bushira ta yi tana gwaji ba za ta faɗa kansu ba. Ta sa su da yatsa ɗaya. Akwatin ya ɓace. Shafukan suka jeru a gabanta, takarda ja-ja, baƙar tawada, ƙananan layukan Kaka suna hawa gefe a karkace. Kafin ta kira kowa ta yi abin da Sa'idu ya koya mata a shagonsa: ta cire kwaɗon da ke kan hotunan, ta kwafe su a 'yar ma'ajiyar fulash, ta mai da sunan "Gida" ya zama admin. Duk aikin bai kai tsawon dafa shayi ba.

Ta riƙo hannun Malam ta zaunar da shi a kujera. Ta buɗe babin gado, ta ƙara girma har harafi ɗaya ya kusa cika allon, ta ƙure hasken.

"Baba, ga shi nan."

Ya matso da fuskarsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin. Ya karkata dama, ya karkata hagu. Ya ɗaga hannu ya shafa allon daga sama zuwa ƙasa.

"Akwai ɗumi," in ji shi.

"Bari in karanta maka."

Ta fara. Ba ta saba da hannun Kaka ba, ajaminta na makarantar allo ne, tana tuntuɓe a kowane layi. Ya gyara mata kalma ɗaya, ya gyara ta biyu, a ta uku ya ɗaga hannu.

"Bari. Abin da ke ciki na san shi tun ba a haihe ki ba. Hannun nike son gani." Ya janye fuskarsa daga allon. "Shi yab ba ki?"

Bushira ta so ta ce e.

"Mufida ce, Baba. Bai sani ba."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya nemi sandarsa, ta miƙa masa.

"To kin shiga kayan mutum ba da yardarsa ba," ya ce. "Ki kashe ta."

Bayan sallah ya ce a fitar da kwamfutar daga gidan, teburin yana tare masa hanya. Bushira ta kai ta makarantarsu, tana buga tambayoyin jarrabawa da ita. Safiyanu ya gano abin da Mufida ta yi, domin maganar ta zaga ta bakin mata har ta isa Maiyama, ya hana ta zuwa Aliero ko da suna ko biki. Malam ya ci gaba da karantarwa da ka, sai dai ɗaliban sun ragu, kuma yakan tsaya a tsakiyar bayani ya daɗe kafin ya ɗora.